Ƙwallo Mai Tashi a Wasan Sofbol: Aikin Hannu, Aikin Iska da Ruɗin Ido

A shekarar 2004, a wani wasan nishaɗi da aka shirya a ƙasar Amurka, an gayyaci wata 'yar wasan sofbol mai suna Jennie Finch ta yi wa waɗansu gwanayen besbol jifa. Cikinsu har da Albert Pujols, wanda a lokacin yana cikin waɗanda aka fi jin tsoron dukansu. Mutanen nan sun saba da ƙwallon da ke zuwa musu da gudun kilomita 150 a awa, jifan Finch kuwa bai fi kilomita ɗari da 'yan kai ba. Duk da haka Pujols ya yi ta kai duka yana dukan iska har aka fitar da shi. A shekarar nan dai Finch da 'yan ƙungiyarta suka ciwo wa Amurka lambar zinariya a gasar Olamfik ta birnin Atina.

Daga cikin jife-jifen da irin su Finch ke taƙama da su akwai wani da Amurkawa ke kira rayizbol, watau ƙwallo mai tashi. Duk 'yar wasan da ta taɓa tsayawa gabansa za ta rantse cewa ƙwallon ya taho sosai, sai da ya iso kusa da ita sa'an nan ya yi tsalle ya haye kan kulkinta. Masanan fiziks kuwa sun ce faufau, ba ya wani tsalle. An daɗe ana wannan gardama tsakanin filin wasa da ɗakin bincike. Abin da ya sa muka kawo ta nan shi ne, ɗalibin da ya san dokokin motsi na Newton, yana kuma da fensiri da takarda, zai iya raba ta da kansa.

Wasan a taƙaice

An fara sofbol a birnin Shikago a shekarar 1887, a matsayin besbol na cikin ɗaki. Maza suna yin sa, amma mata ne suka fi shahara da shi, musamman a Amurka da Japan da Ostireliya da Kanada. An shigar da na mata cikin gasar Olamfik a 1996, aka cire shi bayan gasar 2008, aka mai da shi a gasar Tokiyo da aka yi a 2021, inda Japan ta cinye Amurka da ci 2 da nema. Ba a yi shi a Paris a 2024 ba, amma yana cikin tsarin gasar 2028.

Zuciyar wasan karawa ce tsakanin mutum biyu. Mai jifa tana tsaye a tsakiyar wani da'ira, mai duka kuwa tana riƙe da kulki a gefen wani faranti na roba da aka kafe a ƙasa, a bayanta kuma ga mai cafkewa a tsugune. Tsakanin wurin jifa da farantin, a wasan manyan mata, ƙafa 43 ne, watau mita 13.11. Idan ƙwallo ya bi ta saman farantin tsakanin gwiwa da ƙirjin mai duka ba ta doke shi ba, ko kuwa ta kai duka ta kuskure, an ci ta sau ɗaya. In aka yi haka sau uku ta fita. Kewayen ƙwallon inci 12 ne, kimanin santimita 30.5, nauyinsa kuma tsakanin giram 177 da 198. Duk da sunansa, wanda ke nufin ƙwallo mai taushi, ba shi da wani taushi. Kaurin kulkin a inda ya fi kauri santimita 5.7 ne kawai. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, za mu komo kansa.

Babban abin da ya raba sofbol da besbol shi ne yadda ake jifa. A besbol ta saman kafaɗa ake wurgawa, daga kan wani ɗan tudu, sai ƙwallo ya riƙa gangarowa. A sofbol doka ta ce ta ƙasa za a jefa, a kan fili sosai. Mai jifa takan zabura gaba da dogon taku, ta juya hannunta zagaye guda cur kamar farfela, ta saki ƙwallon sa'ad da hannun ya zo daidai cinyarta. Kada a raina wannan jifa. A 2012 Monica Abbott ta jefa ƙwallo da gudun mil 77 a awa, kimanin kilomita 124, a 2025 kuma Karlyn Pickens ta Jami'ar Tenesi ta kai mil 79.4, kusan kilomita 128.

Matsalar juyi

Ɗauki lemo ka wurga shi ta saman kafaɗa. Yatsunka suna bayansa, kuma a lokacin saki ƙasa suke karto shi, don haka samansa zai riƙa juyowa wajenka yayin da yake tafiya gaba. Wannan shi ne juyin baya. Yanzu jefa shi ta ƙasa, kamar mai miƙa wa yaro abu daga nesa. Yatsun suna bayansa har yanzu, amma sama suke karto shi, sai ya tafi yana mirginawa kamar tayar keke mai tafiya gaba. Wannan kuma juyin gaba ke nan.

To, ka ga mai jifan sofbol juyin gaba take samu a banza, shi kuwa juyin gaba ƙasa yake danna ƙwallo. Idan tana son ƙwallo mai tashi, dole ta sa masa juyin baya da hannun da ke tafiya ta ƙasa, watau ta saɓa wa abin da hannun ke so ya yi. Shi ya sa a wajen masu koyarwa da yawa wannan jifa ne ya fi kowane wuyar koyo, kuma akan bar shi sai yarinya ta yi ƙarfi ta kuma gwanance da sauran.

Me ya haɗa juyi da hanyar da ƙwallo zai bi? Tun a 1672 Isaac Newton ya rubuta cewa ya lura ƙwallon tanis yakan karkace idan aka buge shi a kaikaice. A 1742 wani Baturen Ingila, Benjamin Robins, ya danganta kaucewar harsashin bindiga da juyin da yake yi a iska. Amma sunan da ya bi abin na wani Bajamushe ne, Heinrich Gustav Magnus, wanda ya yi gwaje-gwaje a kansa a birnin Balin wajen 1852. Har yau ƙarfin Magnus ake ce masa. Masu kallon ƙwallon ƙafa sun san shi ko da ba su san sunansa ba, domin shi ne ya lanƙwasa bugun tazarar da Roberto Carlos na Barazil ya yi wa Faransa a 1997.

Ga yadda abin yake. A ɗauka kana zaune a kan ƙwallon yana tafiya. A wurinka iska ce ke tahowa daga gaba tana wucewa baya, ta rabu biyu, wata ta bi ta sama wata ta ƙasa. Akwai wani siririn mayafi na iska da ke manne da fatar ƙwallon, kuma ba ya iya bin ta har ƙarshe, yakan rabu da ita a wani wuri ya bar gurbi mai hargitsi a baya. In ƙwallon ba ya juyi, sama da ƙasa wuri guda suke rabuwa, gurbin ya tsaya daidai a tsakiya. In kuwa yana juyin baya, samansa yana tafiya ne tare da iskar, sai ya ja ta ta daɗe a manne, ta zagayo har ta fara gangarawa ta bayansa. Ƙasansa kuma karo yake yi da iskar, sai ta rabu da wuri. Sakamakon haka iskar da ƙwallon ya bari a bayansa ƙasa ta nufa. Dokar Newton ta uku ta ce duk abin da ka tura, shi ma zai tura ka da ƙarfi daidai da naka ta fuskar da ke kishiyar taka. Ƙwallo ya tura iska ƙasa, iska ta tura ƙwallo sama.

Littattafan makaranta da dama sukan bayyana wannan da ƙa'idar Bernoulli, su ce iskar sama ta fi sauri, saboda haka matsinta ya fi kaɗan. Gaskiya ne akwai bambancin matsi, amma a ganina malami zai fi sauƙaƙa wa ɗalibai idan ya bi ta kan karkacewar iskar baya, don ita ana iya ganin ta ƙuru-ƙuru a hotunan da ake ɗauka da hayaƙi a bututun gwajin iska. A irin wannan bututu ne Lyman Briggs ya auna ƙarfin Magnus a kan ƙwallon besbol, ya buga sakamakon a 1959.

A auna a gani

Tambayar yanzu ita ce wane ne ya fi ƙarfi, iskar da ke ɗaga ƙwallo ko ƙasar da ke janyo shi. In iska ta fi, hanyar ƙwallon za ta lanƙwashe sama, 'yan wasa sun yi gaskiya ke nan. In ƙasa ta fi, hanyar ƙasa za ta riƙa lanƙwasa tun daga hannu har faranti.

Mu ɗauki ƙwallo mai nauyin kilogiram 0.19. Ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi shi ne 0.19 × 9.8, watau niyutan 1.86.

Ƙarfin Magnus kuwa ana lissafa shi kamar haka:

ƙarfi = ½ × kaurin iska × faɗin fuskar ƙwallo × gudu × gudu × C

Kaurin iska a bakin teku kimanin kilogiram 1.2 ne a kowace mita kubik. Faɗin fuskar ƙwallon, watau da'irar da za ka gani in ka raba shi biyu, murabba'in mita 0.0074 ne. Gudu mu sa mita 29 a sakan, kimanin kilomita 104 a awa, wanda gudun gwanaye ne. Shi kuwa C adadi ne da ake samu ta hanyar gwaji, ya kuma dogara da saurin juyin fatar ƙwallon in an gwada shi da saurin tafiyarsa. Mu ce ƙwallon yana juyi 25 a kowane sakan, wanda juyi ne mai kyau ƙwarai. Fatarsa tana zagayawa ke nan da gudun 25 × 0.305, watau mita 7.6 a sakan, kimanin rubu'in gudun tafiyarsa. Awon da aka yi a kan ƙwallon besbol, mai irin wannan ɗinki, ya nuna cewa a wannan matsayi C yana kusa da 0.25. Sai mu haɗa:

½ × 1.2 × 0.0074 × 29 × 29 × 0.25 = niyutan 0.93

Rabin jan ƙasa ke nan daidai. Iska ta rage wa ƙwallon rabin nauyinsa, amma ba ta ɗauke shi duka ba. Wani zai ce to a ƙara juyi mana. Ba a nan gizo ke saƙa ba, domin C ba ya ninkuwa don an ninka juyi, ƙaruwarsa sanyi take yi. Ko da za a sami hannun da zai yi juyi 50 a sakan, C ba zai kai 0.5 ɗin da ake bukata ba. A ƙara gudu fa? Mu ba ƙwallon mita 35 a sakan, kusa da jifan Pickens, da juyi 30. Lissafin zai ba da niyutan 1.36, har yanzu da saura. Hanyar ƙwallon sofbol ba ta lanƙwasa sama a hannun ɗan Adam.

Amma kada ɗalibi ya yi saurin rufe littafi, don 'yan wasan ma suna da tasu gaskiyar. Bayan dogon takun da mai jifa ke yi, tazarar da ta rage wa ƙwallo kimanin mita 11.3 ce. Iska tana ɗan rage masa gudu a hanya, don haka mu ce matsakaicin gudunsa mita 28 ne a sakan, zai iso cikin sakan 0.4. A wannan ɗan lokaci, ƙwallon da ba ya juyi zai faɗo ƙasa da miƙaƙƙen layin da aka ɗora shi a kai da ½ × 9.8 × 0.4 × 0.4, watau santimita 78. Mai juyin baya, da yake an rage masa rabin ja, santimita 39 kawai zai faɗo. Bambanci santimita 39, kusan kaurin kulki bakwai.

Sa'an nan a tuna daga ina ƙwallon ya taso. An sake shi ne daga wajen cinya, a ce santimita 60 daga ƙasa, ana kuma so ya isa ƙirjin mai duka, a ce santimita 120. Dole ke nan a harba shi yana fuskantar sama da kusurwa ta kimanin digiri 5, watau da gudun hawa na mita 2.5 a sakan. Cikin sakan 0.4 abin da ya rage na jan ƙasa zai zaftare 4.9 × 0.4, kimanin mita 2 a sakan, daga wannan gudun hawa. Saura 0.5. Ma'ana, a lokacin da ƙwallon ke ƙetare faranti hawa yake yi har yanzu. Ƙwallon da ba ya juyi, in ana so ya isa wannan tsawo, sai an harba shi da gudun hawa na mita 3.5 a sakan, ƙasa kuma za ta zaftare 3.9, don haka kafin ya iso ya riga ya kai ƙololuwa ya fara saukowa.

Ashe dai ƙwallo mai tashi yana tashi. Yana iya hawa tun daga hannu har safar mai cafkewa. Sai dai hawan raguwa yake yi a kowane taki, kamar motar da ke hawan tudu mai yana ƙare mata. Abin da ba ya yi shi ne ya taho a miƙe sa'an nan ya zabura sama. Wannan kuma shi ya bambanta shi da takwaransa na besbol, wanda shi ma akan ce yana tashi, alhali daga sama aka sako shi, gangarowa yake yi tun farko har ƙarshe.

To daga ina tsallen ya fito?

Daga kan mai duka. Sakan 0.4 gare ta duka duka. Kaɗa kulki kaɗai yana cin kimanin sakan 0.15, saƙo kuma yana bukatar lokaci kafin ya tashi daga ido ya isa ƙwaƙwalwa, ya fito ya isa hannu. Saboda haka tilas ta yanke shawarar inda za ta kai duka tun ƙwallon yana wajen rabin hanya. Hasashe take yi. Ƙwaƙwalwarta ta ga dubban ƙwallaye suna tahowa, ta san yadda abu ke faɗuwa, sai ta dubi farkon tafiyar ta ƙiyasta ƙarshenta.

Yanzu a dubi lissafin nan. Ratar da ƙarfin Magnus ke haifarwa tana ƙaruwa ne da murabba'in lokaci. A rabin hanya, bayan sakan 0.2, bambancin mai juyi da marar juyi ½ × 4.9 × 0.2 × 0.2 ne, ƙasa da santimita 10, daidai kaurin ƙwallon kansa, kuma daga nisan mita biyar ko shida ake hango shi. A ƙarshen hanya ya zama santimita 39. Watau kashi uku cikin huɗu na ratar yana aukuwa ne bayan mai duka ta riga ta yanke shawara. Ƙwallon da ta zata zai iso a santimita 81, wajen ƙugunta, sai ga shi a 120, a ƙirjinta. Kulki ya bi ta ƙasa. Ƙarfin iskar bai sake ba tun farko har ƙarshe, amma sakamakonsa a ƙarshe ya taru.

Akwai kuma gazawar ido. A 1984 Terry Bahill da Tom LaRitz suka buga sakamakon wani bincike da ya nuna cewa masu dukan besbol ba sa iya bin ƙwallo da ido har ya iso kulki, yakan ɓace musu a 'yan mitocin ƙarshe, domin idon ba ya iya juyawa da saurin da ake bukata. A 1990 kuma Michael McBeath ya nuna cewa idan mai duka ya raina gudun ƙwallo tun farko, zai zaci zai daɗe a hanya ya kuma faɗo da yawa, sai ya gan shi ya iso da wuri kuma a sama. Ƙwaƙwalwa ba ta son gurbi. Ta ga ƙwallo a wuri kaza, ta sake ganin sa a inda ba ta zata ba, sai ta haɗa biyun da tsalle. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne kansa ke bukatar shaida.

Wannan ne ma ya ka da Pujols. Ba saurin hannu ya rasa ba. Abin da ya tara a kansa na shekaru duk na ƙwallon da ke fitowa daga saman kafaɗa yana gangarowa ne, sai ga wani daga cinya yana hawowa.

Aikin hannu da jiki

A soka tsinken tsire ta tsakiyar lemo a juya shi. Wannan tsinke, wanda a ƙwallo ba a ganin sa, shi za mu kira tsinken juyi, kuma inda ya fuskanta ya fi yawan juyin muhimmanci. Ƙarfin Magnus kullum yana yin kusurwar digiri 90 da tsinken da kuma hanyar tafiya. Don ya tura sama sosai, sai tsinken ya kwanta a gicciye, daga hagun mai jifa zuwa damanta. In ya ɗan miƙe tsaye, wani ɓangare na ƙarfin gefe zai tafi. In kuwa ya juya ya fuskanci mai cafkewa, ƙwallon zai riƙa murɗawa kamar harsashi ko kusa mai zare, kuma irin wannan juyi, komai yawansa, ba ya ɗaga komai. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa a wajen masu koyo. Idan tsinken ya karkace rabi da rabi, watau digiri 45 daga hanyar tafiya, kimanin kashi 71 cikin ɗari na ƙarfin ne zai saura, santimita 39 ɗin nan su koma 28. Ƙwallon da aka nufa sama da jifan da ba shi da juyin kirki kuwa kyauta ce aka miƙa wa mai duka, don yana zuwa a sarari daidai inda kulki ya fi ƙarfi, sau da yawa ma bayan shinge ake tsintar sa.

Riƙon ya bambanta daga mai koyarwa zuwa mai koyarwa, amma manufarsa ɗaya ce, yatsu su sami abin karta. Galibi akan ɗora yatsan tsakiya da na kusa da shi a jikin ɗinki, babban yatsa ya kama ɗaya gefen, manuniya kuma a ɗan lanƙwasa ta, kanta ko gefenta ya dafe fatar ƙwallon. Da yawa sun fi son riƙon da zai sa layin ɗinki ya ratsa iska sau huɗu a kowane juyi. Ba a cusa ƙwallon cikin tafin hannu, don tafi yana kashe juyi.

Wurin saki ne ake yin ta. Sa'ad da hannu ke saukowa daga bayan zagayen, jiki yana fuskantar gefe, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe kusa da haƙarƙari, sai a shigar da tafin hannu ƙarƙashin ƙwallon, yatsu a ƙasa, babban yatsa a sama. Daidai cinya, yatsun su yanko ta ƙarƙashinsa zuwa gaba da sama, babban yatsa ya zame baya. Masu koyarwa a Amurka sukan kwatanta shi da murɗa kewayayyen mariƙin ƙofa. Mai karatu ya gwada da lemo zai ga dalili: ƙasan lemon ne ke yin gaba, samansa ya yi baya.

Jiki kuma shi ke ba da kusurwar digiri biyar ɗin nan. Akan yi taku mai ɗan tsawo, ƙafar gaba ta kafe ta tare jiki, nauyi ya tsaya a baya, kafaɗar hannun jifa ta ɗan yi ƙasa. In mai jifa ta rusuna gaba, hannunta zai hau kan ƙwallon, juyin baya ya lalace. In kuma ta kwanta baya da yawa, ko ta makara wajen saki, ƙwallon zai wuce kan kowa. Lissafi zai nuna ƙuncin abin: kuskuren digiri ɗaya tak a wurin saki yana zama kusan santimita 20 a faranti. Don haka ne gwanaye ke jefa shi hawa-hawa, wani a ƙasa inda za a ƙirga shi, wani a ƙirji, wani kuma sama da inda kulki zai kai, don a yaudari mai duka ta bi shi.

Hanyar koyo mafi sauƙi ita ce a zagaye ƙwallo da baƙin salatif ta tsakiyarsa, a riƙa jefa wa abokiyar aiki daga kusa, sau da yawa a durƙushe kan gwiwa ɗaya don hannu kaɗai ya yi aiki. In juyin ya yi daidai, za a ga baƙin layi a tsaye cak, ba ya rawa. In layin yana lilo, tsinken ya karkace. In ya zama zobe yana kallon mai cafkewa, juyin harsashi ne. Sai layin ya tsaya sa'an nan a ƙara nisa da gudu. Gudun kuwa wajibi ne, tun da ƙarfin Magnus yana bin murabba'insa, kuma ƙwallo mai sanyi yana daɗewa a hanya ƙasa ta sami lokacin janyo shi.

Wani abu da ya kamata malaman wasanni su sani: an daɗe ana cewa jifa ta ƙasa ba ya cutar da kafaɗa, har akan bar yarinya ɗaya ta yi jifa a wasanni da yawa cikin kwana biyu. Binciken likitocin wasanni ya nuna cewa ƙarfin da ke fizgar kafaɗa a jifan farfela babba ne, yana kusa da na jifan besbol, kuma ciwon gaban kafaɗa ba baƙo ba ne ga masu yin sa.

Gwaji a cikin aji

Abin da ƙwallon sofbol ya kasa, ƙwallon tebur yana yin sa cikin sauƙi. Nauyinsa giram 2.7 ne, faɗinsa milimita 40. Jan ƙasa a kansa niyutan 0.026 ne, amma in yana gudun mita 15 a sakan, C kuma 0.25, ƙarfin Magnus zai kai niyutan 0.042. Iska ta rinjayi ƙasa, hanyarsa sama za ta lanƙwasa da gaske.

Malami zai iya nuna wannan ba tare da ƙwallo ba ma. A sami kofuna biyu marasa nauyi, na takarda ko na roba, a haɗa gindinsu a naɗe da salatif. A ƙulla robar ɗaure kuɗi huɗu ko biyar su zama igiya guda. A danne bakinta ɗaya da babban yatsa a tsakiyar kofunan, a naɗa ta tana ɗan talewa, yadda ɗaya bakin zai fito ta ƙarƙashi yana fuskantar gaba. A riƙe wannan baki da hannu ɗaya, a ja kofunan baya da ɗayan kamar mai harbi da danƙo, a saki. Kofunan za su yi gaba, su yi sama, wani lokaci har su yi ƙundumbala, sa'an nan su sauko a hankali. A sake naɗa robar ta fito ta sama, a ga yadda za su kifa ƙasa nan take.

Bayan gwajin, ɗalibai su amsa waɗannan a littafinsu. Na farko, idan aka sa wa ƙwallon sofbol ɗin nan juyin gaba 25 a sakan maimakon na baya, santimita nawa zai faɗo cikin sakan 0.4, kuma mene ne ratarsa da mai tashi? Na biyu, birnin Denba na Amurka yana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,600, inda kaurin iska bai fi kilogiram 1.0 a mita kubik ba. A sake lissafin ƙarfin Magnus da wannan adadi, a faɗi santimita nawa mai jifa za ta yi asara daga cikin 39 ɗin nan in aka kai ta wasa can.